Gizago da Zarto: Tarihin Kayan Itace a Zangon Lome

Wanda ya shiga gidan attajirin Bahaushe na ƙarni na 19 yana neman kayan itace, da wuya abin da zai ƙirga ya wuce yatsun hannu. A zaure tabarma ce da buzu da dakalin ƙasa. A ɗakin uwargida akwai gadon kara ko na tukurwa, ko kuwa gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin hunturu. Tufafi suna cikin adudu, ƙore suna jere ko suna rataye a ragaya, bakin ƙofa kuma asabari ne ko tufaniya. Abin da ya fito daga hannun masassaƙi bai wuce turmi da taɓarya, akushi da muciya, allon karatu, kujera 'yar tsugunno, sai ƙyaure ga mai hali ba. Wannan ba alamar talauci ba ce. Dukiyar Bahaushen wancan zamani tana cikin riguna da dawakai da rumbuna da littattafai, ba a auna mutum da abin da yake zama a kai.

Da wannan ɗan kaya fatake suka isa bakin teku, inda suka tarar da mutanen da ke ɗaukar kujera a matsayin mazaunin ruhin kakanni, da kuma kafintoci masu yanka katako da zarto su haɗa shi da ƙusa. Zangon Lome, babban birnin Togo, yana cikin wuraren da waɗannan al'adu suka haɗu a tsakar gida guda.

Yadda aka yi zangon

Kalmar zango, wadda a Gana da Togo ake furta ta zongo, asalinta masaukin ayari ne, wurin da madugu ya ce a sauke kaya a kwana. A ƙarni na 19 babban zangon fataken goro a yamma shi ne Salga ta ƙasar Gwanja. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta rikice, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salga baki ɗaya. Mutanenta suka bazu, wasu zuwa Kete-Krachi a bakin kogin Volta, wasu suka gangara har teku. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934. Garin yana cikin Togo ta Jamus a lokacin, kuma a can ne malamin ya rubuta wa jami'in Bajamushe Adam Mischlich bayanai da ajami kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da zamantakewarta.

Ita Lome ƙaramar matattarar 'yan kasuwa ce da ta taso wajen 1880, a daidai bayan iyakar da Ingilishi ke karɓar kuɗin fito, kuma Hausawa suna cikin baƙin da suka fara sauka a cikinta. Jamus ta kafa ikonta a yankin a 1884, ta mayar da Lome hedikwata a 1897. An gama gadar saukar kaya daga jiragen ruwa a 1904, dogo ya kai Aneho a 1905, ya kai Kpalime a 1907, daga baya ya nufi Atakpame. A watan Agusta na 1914 Jamusawa suka miƙa wuya. Ingilishi suka riƙe Lome har 1920, sannan Faransawa suka karɓa har ranar 27 ga Afrilu, 1960. Duk tsawon wannan lokaci zangon yana nan, ana ɗage shi gaba duk sa'ad da birni ya cim masa. Masanin nan Michel Agier, wanda littafinsa kan 'yan kasuwar unguwar ya fito a 1983, ya nuna cewa rayuwarta ta ginu ne a kan masu gida, wato dillalan goro da shanu masu saukar da baƙi. Gidan da aikinsa saukar baƙi ne, kuma mai shi kansa ana yi masa kallon baƙo, ba ya tara abin da ba zai ɗauku ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

Aikin masassaƙi

Sassaƙa sana'a ce ta ragewa. Masassaƙi yana fara aiki da gungume guda, ya yi ta cire abin da ba a so har siffar da yake nufi ta bayyana. Ba ya haɗa itace da itace, ba ya amfani da ƙusa ko danƙo. Da gatari yake kayar da bishiya ya datsa ta, kuma galibi a dajin yake fitar da siffar farko don rage nauyin ɗauka. Sauran aikin na gizago ne, da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa na rarake ciki, da wuƙa ta gyaran baki. Ado kuwa da ƙarfe mai zafi ake zana shi, a shafe da mai. Baƙin akushi daga wuta da mai da daɗewa yake samuwa. Yawancin masassaƙa manoma ne da damina, sai an kawar da amfanin gona su ɗauki gizago, kuma duk kayan aikinsu daga maƙera suke fitowa, shi ya sa sana'o'in biyu ba sa rabuwa.

Rabin gwanintar tana wajen sanin itace. Kirya, mai tauri da nauyi, ita ce ta turmi da taɓarya, kuma gawayinta maƙeri ke nema. Ɗanya tana da laushin sassaƙa, ana yin akushi da ita. Maɗaci da ƙawo da madobiya na kujera ne da ƙyaure. Aduwa ita ce ta allo, domin jikinta fari ne mai santsi, yana karɓar tawada, yana kuma jure wanki shekara da shekaru. Sassaƙa daga gungume guda tana da ƙarfinta: babu mahaɗar da za ta saki, kujera takan wuce wadda aka saya wa ta kai ga jikokinta. Tana kuma da iyakarta. Faɗin abin ba zai wuce kaurin bishiyar ba, kuma da yake ɗanyen itace ake sassaƙawa, idan ya bushe da gaggawa sai ya tsage daga tsakiya. Tsohon akushi mai ɗinkin ƙarfe a gefe shaida ne cewa masu shi sun ga ya fi ƙarfin a yar.

Allo da akushi da kujera duk suna hawa bayan jaki. Turmi ne ba ya tafiya mai nisa, sai a saye shi inda aka sauka. Saboda haka a tsakar gidan zango ana iya samun allon da aka sassaƙa a arewa yana jingine kusa da turmin da masassaƙin Ewe ya yi, kowanne da irin hannun da ya fito da shi.

Wa ke zama a kan me

A ƙasar Hausa kujera 'yar tsugunno kayan mata ce. A kanta ake girki da wanke-wanke da kitso, tana kuma cikin abin da ake kai amarya da shi. Namiji mai mutunci a tabarma ko buzu yake zama, malami a kan buzunsa yake ba da karatu, sarki yana da karaga da shimfiɗu, amma abin da ke mayar da mutum sarki shi ne rawani. Naɗa shi ake yi.

A kudu lamarin ya sha bamban. Wurin Asante, waɗanda tsofaffin fatake ke kira Tonawa, kujera ita ce sarautar. Idan babban mutum ya rasu akan baƙanta kujerarsa a ajiye ta a ɗaki na musamman ana yi mata hidima, kuma kujerar da babu kowa a kanta akan kishingiɗar da ita. Neman da gwamna Hodgson ya yi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai shi ne ya tayar da yaƙin 1900, wanda Yaa Asantewaa ta jagoranta. Mutanen Ewe, masu ƙasar da Lome ke kai, su ma suna da kujerun kakanni da dangi ke taruwa a kansu. Bahaushen zango ya rayu a tsakiyar wannan duka bai ɗauka ba. Har yau naɗin rawani ake yi wa Sarkin Zongo, kuma kujerar maƙwabta mai lanƙwasasshen sama in ta shigo gida, madafi take wucewa.

Akwai wani abin lura a gefe. Gustav Nachtigal, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar 1884 da ta ba Jamus Togo, shi ne mutumin da a 1870 ya ratsa Sahara ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan sarkin Prusiya a Kukawa, kuma babbar kyautar ciki kujerar mulki ce irin ta Turai, mai ruwan zinariya da jan karan-miski. Turawa sun ɗauka duk inda sarki yake dole da kujera.

Cikin Musulmin da fatake suka saba da su, Nufawa ne suka kai sassaƙar kujera matuƙa. Kujerar Bida mai zagayayyen sama takan zo da ƙafafu takwas ko goma ko fiye, dukkansu daga gungume guda, an rarake tsakaninsu da haƙuri, an cika saman da zane na layuka da kusurwoyi, babu siffar mutum. Ƙyamarensu kuwa falankai ne uku ko huɗu da aka sassaƙa da gizago aka ɗaure da ƙarfe, kuma sunan Sakiwa na Lapai ya shahara a wannan aiki. Leo Frobenius ya kwashi kayan Nufe da dama zuwa Jamus bayan ziyararsa ta Bida a 1911. Idan ana neman ƙololuwar abin da gizago zai iya, a nan yake.

Zuwan zarto

Kafinta akasin masassaƙi ne: shi haɗawa yake yi. Yana tsaga gungume falanki-falanki, ya goge, ya auna, ya huda, ya haɗa. Da haka yake samun abin da ya fi bishiyar faɗi, da abin da ke da murfi da aljihu da makulli. A gaɓar tekun Togo da Dahome wannan sana'a ta riga mulkin mallaka zuwa. Waɗanda suka yaɗa ta su ne Aguda, 'yantattun bayi da zuriyarsu da suka komo daga Barazil, musamman bayan tawayen Musulmi na Bahiya a 1835. Hausawa sun ƙulla shirin nasu tawayen a can tun 1807, kuma cikin masu komowar akwai Musulmi. Sun zauna a Wida da Agwe da Aneho da Porto-Novo da Ikko, suna gini da kafinta. Babban masallacin Porto-Novo irin ginin nasu ne. Iyalin Olympio, waɗanda shugaban Togo na farko ya fito daga cikinsu, Aguda ne. Daga baya 'yan mishan na Katolika suka buɗe makarantar koyon sana'a a Lome tun kafin yaƙin duniya na farko, kafinta na cikin abin da ake koyarwa.

Katakon kansa sai an kawo shi. Lome tana cikin wani yanki inda dajin kurmi ya yanke, filin ciyawa ya gangaro har teku, har Bahaushe kan ga kuka a kusa da gaɓa ya tuna gida. Manyan itatuwa irin su loko suna can wajen duwatsun Kpalime, dogon 1907 ne ya sauƙaƙa kawo su. Jamusawa sun dasa tik, itacen da asalinsa na Asiya ne, wanda daga baya ya zama babban katakon ƙasar. Talaka kuwa ya samu nasa katakon a akwatunan da kananzir da sabulu da barasa ke zuwa a ciki daga Turai. Ana warware su a sake haɗawa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga tambarin wani kamfani a cikin murfin tsohuwar adaka.

Ɗalibin harshe zai ga wannan tarihi a cikin kalmomin kansu. Turmi da akushi da gizago da kujera tsofaffin kalmomi ne a bakin Bahaushe. Allo daga Larabci ya zo tare da karatu, haka ma sanduƙi. Amma akwati daga àpótí na Yarbanci yake, adaka kuma ita ce kalmar da Asante da Ewe ke kiran akwati da ita. Kafinta da tebur da benci da kabad daga Ingilishi suke. Wato kusan duk abin da ake haɗawa da ƙusa, sunansa daga kudu ya hauro, ta hanyar da goro ya bi. Zangunan bakin teku su ne ƙofar da kalmomin da kayan suka shigo ta ciki.

Cikin kayan kafinta duka, adaka ce ta fara samun karɓuwa, kuma dalilin a fili yake. Muddin tafiya ta jaki ce, waga da mangala da taiki sun fi, domin suna lanƙwasa da jikin dabba. Muddin kuɗi wuri ne, buhu ake buƙata. Keso guda wuri 20,000 ne. Da goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, kamar yadda Alhassan Ɗantata ya yi fataucinsa daga Gwalkwas a farkon ƙarni na 20, kuma dogo ya isa Kano a 1911, sai kaya suka koma hannun 'yan dako da ma'aikatan da mai kaya bai sani ba. Kuɗi ya zama sulalla da takarda, ga rasit, ga takardar bashi. Duk waɗannan suna son murfi da kwaɗo. Malami ma ya ga littattafan da ke cikin gafaka sun fi tsira daga ɓera da laima idan an sa su a adaka. Benci ya biyo baya ya zauna a ƙofar gidan mai gida, inda ake cinikin shanu da goro. Tebur ne ya daɗe bai shiga ba, domin ba a kansa ake cin abinci ba, ba a kansa ake rubutu ba.

Ɗakin amarya ne ya buɗe wa kafinta kasuwa ta gaske. Lefe asalinsa kwando ne na kaba. Sunan ya zauna, abin ya koma akwati. Jeren ƙore ya zama jeren tasoshi da kwanonin sha, su kuma suka nemi kabad mai gilashi. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, shi ma daga baya ya ba gadon katako. A rubutun boko gado na kwanciya da gado na magada siffarsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su a baki. A aikace ma sukan haɗu, domin kayan ɗaki mallakar mace ne, da su take fita idan aure ya mutu, su ake raba wa magadanta idan ta rasu. Mafi yawan tsofaffin kayan itacen da suka rage a gidajen zango ta hannun mata suka gangaro.

Abin da ya rage

Kaɗan ne suka rage. Gara ba ta barin abin da ya taɓa ƙasa, iskar teku mai gishiri tana cin ƙusa da maratayin murfi, gobara kuma ba baƙuwa ba ce a unguwa mai cunkoso. Sannan a 1977 gwamnatin Janar Eyadema ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 a arewa, wajen Agoe da Togblekope, a bakin hanyar da ta nufi arewacin ƙasar. Manyan gine-ginen bankuna ne suka tashi a inda unguwar take. A irin wannan ƙaura abin da ya hau mota shi ke tsira. Adaka da kujera da allo an yi su ne don tafiya. Ƙyauren da aka kafe a bango da kantar da aka gina a jikin ɗaki ba haka suke ba.

Abin da gara ta bari, kasuwa ta nema. Tun daga shekarun 1950 zuwa 1960 Hausawa suka zama manyan dillalan kayan gargajiya a Afirka ta Yamma, suna bin ƙauyuka suna saye, suna kai wa Turawa a Abijan da Lome da Duwala, daga baya har Faris da New York. Christopher Steiner ya yi nazarin wannan ciniki a Abijan cikin littafin da ya fito a 1994, kuma fim ɗin da aka yi a 1992 kan Gabai Baare, wani Bahaushen Nijar, ya nuna yadda ake yinsa. Ga dillali Musulmi, kujera da ƙyaure sun fi gunki sauƙin riƙewa a zuci, kuma masu ƙawata gidaje a Turai suna son su: gadon Senufo ya zama teburin falo, tsanin Dogon ya zama abin jingina a bango, kujerar Nufe ta zama mazaunin tukunyar fure. Sana'ar ta yi daidai da tsarin zango, domin dillanci ne tsakanin mai abu da mai so waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba, kamar goro, kamar shanu.

Da buƙata ta fi abin da ke akwai, sai aka koyi tsufar da sabo. Ana rataye kujera a hayaƙin madafi, a shafa mata toka da mai da jan goro, a binne ƙafafunta gara ta ɗan taɓa. Mai ido yana ganewa. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya: yana taruwa ne inda jiki ke gogar itace, a tsakiyar mazauni, a gefen da hannu ke kamawa, a ƙasan ƙafafun da aka yi shekaru ana ja a kan turɓaya. Sawun gizago ƙananan kwarmi ne marasa daidaito, na injin gogewa kuwa shafe yake. A adaka ana duba ƙusa, ko ta maƙeri ce mai kusurwa ko ta kamfani, a duba ko gindin falanki ne ko katakon nan da ake mannawa falle-falle, wanda zuwansa na baya-bayan nan ne. Abin takaici a cinikin shi ne, da kujera ta bar gidan da aka yi amfani da ita, sunan mai ita da na wanda ya sassaƙa ta sun ɓace. A kantin Turai sai a rubuta sunan ƙabila kawai.

Ita ma bishiyar ta shiga kasuwa. Daga wajen 2010 aka yi ta sare madobiya a Gambiya da Gana da Togo da Benin da Nijeriya ana loda ta a kwantena zuwa Sin, inda ake yin kujeru da gadaje da ita bisa salon kayan daulolin Ming da Qing, wato sababbin kaya masu kwaikwayon tsofaffi. Tashar jiragen ruwa ta Lome na cikin mafitarta. A 2016 gwamnatin Togo ta dakatar da sarewa da fitar da ita na tsawon shekara 10, kuma a wannan shekarar aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido. Madobiya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta yi kaurin da za a fitar da kujera guda daga jikinta, kuma masu saran kwantena irin wannan kaurin suka fara bi.